Harshen Afnan

Beltsville, 14 ga Oktoba, 2009

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? A gaishe min da ita da kyau. Na ba Alhaji Ɗanliti takardar nan ya kawo miki, don akwai maganar da ba ta fita a waya.

Afnan ta cika shekara goma makon jiya. Ta yi tsawo, ta kusa kafaɗar uwarta. Kullum ƙarfe bakwai motar makaranta take tsayawa a bakin layinmu ta kai ta makarantar kurame a cikin Washington. Nakan tsaya ta taga ina kallo. Tun kafin ta hau, yaran ciki sun taru a gilashi, hannaye na ta tashi, ita ma tana mayar musu, tana dariya har jakarta na zamewa. Tun da sanƙarau ya tafi da jinta tana shekara biyu, ban zaci zan ga yarinyar nan da surutu haka ba.

To amma kin san da bakina na yi wa Inna alkawarin shekara biyar zan yi in dawo. Yau shekara goma sha ɗaya. Kullum in hau jirgin ƙasa in sauka unguwar Southwest, in shiga ɗaki marar taga in karanta muku labarai a rediyo, in dawo gida. Na gaji, Yaya. Amma in na ce mu tattara, yaya zan yi da Afnan? 'Yar Hausar da ta fara kamawa ta gudu tun tuni. Maganar hannun nan ita ce harshenta, ƙawayenta duk a nan suke. In na zauna ina tunanin Inna, in na tashi ina tunanin Afnan.

Ki ba ni shawara.

Ƙaninki,
Kabir

Gwammaja, Kano, 20 ga Nuwamba, 2009

Kabiru,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Inna da sauƙi, sai dai idon ya ƙara dushewa, sukarin kuma yau ƙasa gobe sama. Rediyonta na nan kusa da filo. In ka fara magana ba mai tari a gidan.

Ka nemi shawara, ga ta. Kurame ba a Amurka aka fara su ba. A nan Kano akwai makarantarsu, na je da ƙafata na gani, yara suna karatu har su yi jarrabawa. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, ban taɓa ganin yaron da ya kasa sabawa da gidan ubansa ba. Ku zo da ita hutu mai zuwa ta ga danginta. Inna ba ta taɓa riƙe hannunta ba, sai hoto, hoton ma yanzu ba ta gani.

Ka daina tsayawa a taga, ka sayi tikiti.

A gaida Nafisatu. Allah Ya yi wa Afnan albarka.

Yayarka,
Sailuba

Beltsville, 6 ga Satumba, 2010

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Mun sauka lafiya. Allah Ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu.

Kin gani da idonki. Sati uku yarinyar nan tana zaune a bakin gadon Inna. Inna tana shafa fuskarta tana magana, ita ba ta ji. Ita tana yi da hannu, Inna ba ta gani. Yaran gida sun yi ƙoƙari kwana biyu, suka gaji suka koma wasansu. Ranar da matar nan ta maƙwabta ta ce "Allah sarki, bebiyar Kabiru ke nan?" na gode Allah da ba ta ji ba, amma ta ga bakin matar, ta kuma ga fuskata.

A cikin jirgi ta yagi takarda ta rubuta min da Turanci cewa tana son kakarta, amma kada a sake kai ta sai ziyara. Tun da muka dawo sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta kula ni. In na shigo falo suna hira da uwarta, sai hirar ta mutu. Ƙasar nan tana ƙwace min 'ya ina ji ina gani.

Na yanke shawara. Wani gidan rediyo a Kano ya yi min tayin aiki, na ce su ba ni zuwa ƙarshen shekara. Za ta yi kuka, ta gaji ta saba, kamar yadda kika ce. Ban gaya wa Nafisatu ba tukuna. Kada ki sanar da Inna sai na tabbatar.

Ƙaninki,
Kabir

Beltsville, 3 ga Oktoba, 2010

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Inna. Ki yi haƙuri da rubuto miki ba da sanin Baban Afnan ba. Na ga takardar gidan rediyon nan a aljihun kwat ɗinsa da zan kai wanki. Na san ba abin da yake ɓoye miki, amma akwai wanda na tabbata bai faɗa ba.

Yaya, Baban Afnan bai iya magana da 'yarsa ba. Shekara takwas ke nan makarantarsu tana koya wa iyaye maganar hannu duk Asabar. Ni nakan taso daga aikin asibiti in wuce can ko ban runtsa ba. Shi sau uku ya je. Abin da ya iya bai wuce "ci abinci", "sallah", "kwanta", "bari" ba. Ni ce tafintarsu. In ina wurin aiki, su wuni gida ɗaya sai dai rubutu a takarda.

Ba mugunta ba ce. Na taɓa matsa masa, ya ce, "Nafisatu, ranar da na koya, na yarda ke nan ba za ta sake ji ba." Har yau yana yanko labaran sababbin magunguna daga jarida yana tarawa.

Yana cewa muna yin shiru in ya shigo. Afnan ce take sauke hannu, don ta ce yana kallonta kamar mai kallon majinyaci. Daren Juma'a ina yi mata kitso ta juyo ta tambaye ni, "Mama, Baba haushina yake ji don ba na jin rediyonsa?" 

In ya ce mu koma, ba zan yi masa gardama a gaban mutane ba. Amma a Kano ma tafinta zai nema, ita kuma ta rasa duk waɗanda take hira da su. Ni ya daina jin tawa. Ke yana jin taki.

Ƙanwarki,
Nafisatu

Gwammaja, 1 ga Nuwamba, 2010

Kabiru,

Salamu alaikum. Nafisatu ta rubuto min, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa. Ni ce na ba ka gurguwar shawara, don ban san rabin labarin ba. Sati uku kuna gidan nan ban lura ba, na ɗauka gajiya ce ta sa kake barin uwarta ta yi mata bayani.

Na karya maganarka, na karanta wa Inna takardun biyu. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Ki rubuta masa na yafe alkawarin. Ni na ji muryarsa shekara arba'in da biyar, na ƙoshi. Ya je ya ji ta 'yarsa." Ta ce in ka dawo saboda ita, ba ta yarda ba.

Ba don ba ta son ganinka ba ne. Bayan na fito na ji tana kuka. Amma ta faɗa, ni kuma na isar.

Yayarka,
Sailuba

Beltsville, 19 ga Maris, 2012

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Ina cikin ɗakin labarai kuka kira, kafin in fito kun kai ta.

Nafisatu tana wurin aiki a asibiti ranar. Ni na tari Afnan a bakin mota, na zaunar da ita a falo. Ta miƙo min takarda da biro, na ajiye su gefe. Shekara ɗaya da wata huɗu ina zuwa ajin Asabar. Na yi "kaka" daidai, amma na kasa ɗayar kalmar, ta rasuwa. Ta ce, "Kaka ta tafi? Ina?" Na sake yi, na sake ɓatawa. Sai ta kama hannayena biyu, ta juya su yadda ake yi, ta tsaya tana kallona. Na gyaɗa kai. Ta kifa fuskarta a kafaɗata. Da ta ɗago ta ce in ba ta labarin Inna tun ina yaro. Na ba ta, tana gyara min, har la'asar ta kusa wucewa.

Kin tambayi yaushe zan dawo. Saura shekara shida ta gama sakandare, tana kuma maganar jami'a. Na daina sa rana, Yaya. Rediyon Inna ki ajiye min.

Ƙaninki,
Kabir