Adireshin Man Gyaɗar Kunduru

Kankiya.

Zuwa ga ɗiyata Ummusalma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya kamar yadda muke nan.

Bayan haka, Sada ɗan ƙanena, wanda ke kula mani da shafinmu na intanet, ya ce adireshin ya yi ƙauyanci, wai mutanen birni ba za su sayi mai a wurin da ake kira Kunduru ba. Ya buɗe mana sabo. Na ji tsoro, don kin sani shekara da shekaru duk wanda ya nemi man gyaɗa a Google mu yake fara gani. Ya yi dariya, ya ce zai haɗa su, wanda ya shiga tsohon a turo shi sabon. Na yarda. Yaron da na goya ne.

Ki gaida jikokina.

Mahaifiyarki,
Kulu

Kankiya.

Ɗiyata Ummusalma,

Ina gaishe ki. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ji ni shiru. Tun bayan salla waya ta daina ƙara, mai yana ta zama a jarkoki. Malam Bishir mai koyar da kwamfuta ya duba mani. Ya ce ba a haɗa komai ba. Google ya ɗauke mu baƙi, ya jefa mu can baya inda ba mai leƙawa, sunan da muka tara kuwa yana manne da tsohon adireshi. Sada ya bari rajistar tsohon ta ƙare, ya sake yin ta da sunansa. Yanzu wanda ya neme mu, shagon man gyaɗar Sada na Kusada yake faɗawa. Hotona ma bai cire ba.

Na je har can. Ya shimfiɗa mani tabarma, ya kawo ruwa, ya ce, "Gwaggo, ai ban ƙwace ba. Da bakinki kika ce a canza."

Matan da ke yi mani suya duk sun koma wajensa, kuma ban ga laifinsu ba, suna da 'ya'ya. Da zan tashi ya ce masu saye suna ƙorafi ƙuli-ƙulin ya canza ɗanɗano, in ina so in riƙa zuwa ina soya mashi, a biya ni kamar kowa.

Kada ki faɗa wa maigidanki. Ran Asabar zan fara. Ya ce in taho da kaskona, nashi ba ya riƙe wuta.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifiyarki,
Kulu