Kwamfutar Nasidi

Ƙofar Jatau,
Birnin Zazzau.
9 ga Maris, 1997.

Zuwa ga Yaya Jalo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Legas, yaya aiki? Baba da Inna suna nan lafiya, suna gaishe ka.

Kwalin ya iso, Allah ya saka da alheri. Ka tambayi jikin ƙaninmu Nasidi. Ciwon ya warke, amma ƙafafun suna nan kamar yadda hatsarin ya bar su. Ba ya fita, ba ya son ganin kowa. Ko Ya'u, da suka tashi suna buga ƙwallo tare, a zaure yake tsayawa ya juya. Keken guragun da aka sayo masa kuwa ya ce a kai ɗakin ajiya. Shi ya sa na roƙe ka kayan kwamfuta. Na ga ana wasan ƙwallo da ita a ofishinmu, na ce ko za ta ɗauke masa hankali.

Sai dai an samu matsala. Ni buga takardu na iya, ban san cikin kwamfuta ba. Na baje kayan a tabarmar ɗakinsa ina ta kokawa. Furosesan, wato ƙwaƙwalwar, ya ƙi zama a gurbinsa a kan madabod, babban allon da komai ke hawa. Har na yi niyyar dannawa da ƙarfi, sai na ji ya ce daga kan gado, “Yaya Safiya, za ki lanƙwasa haƙoransa. Miƙo mini.”

Ya daɗe yana juya su, ya karanta ɗan littafin da ya zo da allon. Ya ce furosesan Pentium ne, allon kuwa na 486, ba zamaninsu ɗaya ba. Kada ka ji haushin kanka, Yaya. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka tun kafin a kwantar da shi asibiti.

Ƙanwarka,
Safiyatu.

30 ga Maris, 1997.

Yaya Jalo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin Anti Rakiya ya sauka.

Na samu wasiƙarka. Ka ce in mayar maka da kayan, mai shagon zai haɗa gaba ɗaya ka aiko da ita a shirye. Ina roƙonka ka bari. Na san hakan ya fi sauƙi, amma ka saurare ni.

Na kai allon Sabon Gari wurin wani mai gyara, Malam Dogara, ya musanya mana da wanda ya dace. Nasidi ne ya gaya mini abin da zan duba: gurbin furosesa, da farin ramin da katin hoto zai shiga, don idan katin bai zauna ba wasan ba zai gudu ba. Ya sa an dawo da teburin Baba kusa da gado, shi ya ɗaura komai da hannunsa. Da muka kunna, fanka ta juya, na'urar ta yi ta ƙara, allon kallo ya tsaya baƙi. Na zaci zai jefar da sukudireban ya juya wa bango fuska. Bai yi ba. Ya koma kan littafin har Inna ta ɗumama masa tuwo sau biyu.

Ya gano ram ne, wani ɗan siririn allo da ke riƙe wa na'urar aiki. Ɗaya ka aiko, allon kuwa biyu yake so, iri ɗaya, girma ɗaya. Na je na sayo na biyu, ashe ban dace ba. Ya harare ni, ya ce ban san abin da nake dubawa ba. Na ji zafin maganar, amma na ce masa to ya je da kansa. Tun ranar bai kula ni ba. Ban sani ba ko na yi ɓarna. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Safiyatu.

20 ga Afrilu, 1997.

Yaya Jalo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara?

Ya je. Ranar Asabar da hantsi ya ce a fito da keken, a kira Ya'u. Sai da aka ɗaga shi da keken aka tsallakar da dokin ƙofar zaure. A lungu mutane suna ta yi masa sannu, ya sunkuyar da kai, har muka samu tasi a Ƙofar Doka. A shagon Malam Dogara kuwa ya manta da kowa. Ya zazzage kwalin ram yana karanta lambobinsu ɗaya bayan ɗaya har ya samu abokin wanda ka aiko. Mai shagon ya ce ya riƙa leƙowa, akwai matattun kwamfutoci da ba mai lokacin duba su.

Kwamfutar ta tashi, Yaya. Nasidi da Ya'u suka zauna a kibod ɗaya, wato allon maɓallan. Da ya ci ƙwallon farko ya yi dariya, sannan ya ce a kashe. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Wasan allo ba zai mayar masa da fili ba, shi ma ya sani. Amma washegari ya kunna da kansa.

Mun koma asibiti, likita ya faɗa mana gaskiya, ba zai sake takawa ba. Nasidi ya ji da kunnensa. Da muka dawo gida ya roƙi Baba a fasa dokin ƙofar a yi gangare, don ya gaji da a riƙa ɗaga shi. Ka san Baba da ginin kakanmu, ko ƙusa ba ya bari a kafa. Tashi ya yi ya shiga ciki. Jiya da na dawo daga aiki na tarar da Baba ya naɗe hannun riga, yana miƙa wa magini ruwa.

Ka gaida Anti Rakiya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Safiyatu.