Wayar Goggo Tana Cikin Durowa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tonon kaza, da ido ɗaya nake yi. Aikin idon ya yi kyau, amma likita ya hana ni kallon waya, ɗan nan nawa kuma ya kulle ta a durowa ya tafi da makullin. Ni da na haife shi.

Ba idon ne ya dame ni ba, yayyenki ne. Kin san tun rasuwar babanku Dogo da Ƙarami ba sa ga-maciji, ni ce ke riƙe da su. Dogo ya turo min saƙon murya ya zazzage cikinsa, in tura wa Ƙarami ya ji da kunnensa, shi ma ya mayar, in kai. A saƙon ƙarshe Dogo ya rantse zai kira magini ya ja bango a tsakiyar shagon kafinta na babanku. Shagon da ƙanena ya gina da guminsa. Yanzu da ba ni, wa zai shiga tsakani? Wallahi ko barci ba na yi. Ki leƙa shagon, ki ba direban da ya kawo wannan wasiƙa amsa.

Ki gaida yaran.
Goggonki

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na je shagon. Da na ga an sauke bulo a ƙofa, na ce shi ke nan, za a ja bangon. Ina shiga na tarar da su a kan katako ɗaya, Yaya Dogo na yanka, Yaya Ƙarami na danne masa.

Ga yadda aka yi. Yaya Dogo ya tura miki saƙo wai ki gaya wa wancan ya dawo masa da zartonsa. Ya jira, shiru. Da aiki ya matse shi, sai ya taka da kansa ya ce, "Kai, ina zartona?" Yaya Ƙarami ya ce, "Ga shi can ƙarƙashin bencinka, kai ka ajiye." Dariya ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ma ya kasa riƙewa. Daga nan suka zauna aka baje komai a faifai. Goggo, kada ki ji haushi, amma abin da mutum ke iya faɗa wa waya, ba ya iya faɗa yana kallon idon ɗan'uwansa.

Bulon kuwa, sun ce bangon baya da ruwa ya ci za su gyara.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Auta

Auta,

Na gaishe ki. Na karanta, na yi kuka da idon da aka ce kada in jiƙa. Alhamdulillahi. Jiya na yi barci har rana ta shigo ɗaki. Amma ki bar zancen zarto, addu'ata ce ta ci.

Yau likita ya yarda, ɗan nan ya kawo makullin. Na buɗe durowa, na kalli wayar, na mayar na rufe. Ki gaya wa yayyenki, mai magana da ni ya zo da ƙafarsa. Su zo tare, da guduma da ƙusa, ƙafar kujerata ta daɗe tana rawa.

Allah ya yi muku albarka.
Goggonku