Sun Tsige Eriyata, Sun Ce Mini Infoma

Daren Talata, Sabon Birni

Tun yaushe karatu ya zama laifi a garin nan? Wata bakwai ina koyon haɗa kwamfutoci ni kaɗai, ba malami, don in je Sakkwato in zana jarrabawar satifiket. Sabis ɗinmu na waya ya mutu, sai na kafa eriya bisa gora ina jawo na Nijar. Yau da la'asar 'yan sa-kai sunka tsige ta, sunka kwashe littafin da nike lissafin adireshin kwamfutoci a ciki.

Ɗan'ila, ɗaya daga cikinsu, da munka yi firamare tare, shi ya buɗe littafin. Ya ce, "Injiniya, lambobin su wa ke nan? Mutanen daji?"

Na ce na na'ura ne. Sunka kwashe da dariya. Na zage shi, kuma ban yi nadama ba.

Jarrabawa ba ita ke gabana yanzu ba. Infoma anka kira ni gaban jama'a, kuma na san yadda masu wannan suna ke ƙarewa. Inna ko tuwo ta kasa ci.

Wani ne ya kai sunana wurin 'yan sa-kai. Ran Juma'a za ni tsaya ƙofar masallaci. In ya isa, ya fito gaban kowa ya faɗi wanda na taɓa sayar wa mutanen daji.