Auta Ne Ke Gadin Dutse Yanzu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ɗan tashi in an yi sanyi.

Kin ji gwamnati ta rufe dutsen bayan gari, ta hana haƙa da neman ma'adinai saboda ruwan rafi da ya lalace. Ban musa ba, ni ma na ga launinsa. Abin da ba ki ji ba shi ne, da aka nemi masu gadi, ni da Auta muka je tare, aka ɗauke shi aka bar ni. Yaron da ni na koya wa riƙe diga. Yanzu ga kaki ga babur, yana zagaya iyaka yana duba ramukan da aka cike. Inna kuwa in baƙi suka zo, labarin Auta ne har su tashi. Ko maganar gyaran rufin ɗaki ce, sai ta ce a jira ya dawo.

Kwanan baya na je ɗauko kayan aikina da na bari a bukkar bakin rami. Ya tare ni a shinge gaban abokan aikinsa, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce in yi haƙuri, ba mai shiga sai da izinin ofis. Da tsawa ya daka mini da ta fi mini sauƙi. Da yamma ya kawo kayan har gida, a wanke. Na san daidai ya yi, Yaya, amma bakina ya kasa godiya.

Jiya kuma na tarar da ɗana da hular Auta a kansa, ya gitta sanda a ƙofar ɗakina, wai an rufe, in koma. Kowa ya yi dariya, har da uwarsa. Ni ma na yi.

Don Allah ki yi wa maigidanki magana, ko akwai gurbi a garejinsa, ko na wankin mota ne. Gara in yi nisa tun ban fara ƙin ƙanena ba. Kada ki bari Inna ta san dalili.

Ki gaida maigida, da Kawu Dogo, da takwarar Inna. Auta ma ya ce a gaishe ki.

Naki,
ƙanenki mai bi miki.