Kafin Alƙalami Iri Biyu

Zuwa ga 'yata, 'Yar Banki,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta daina jin maganata. Innarki na nan da ƙarfinta, faɗan da take yi mini ma shaida ne. Auta ta yaye, yaron har ya fara tafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau nauyi gare shi, ki zauna ki karanta a tsanake. Kin san Tela, mijin Auta, ya daɗe yana burin injin surfani mai kwamfuta. Wata makaranta ta yi masa alkawarin aikin bajon ɗalibanta duka, sai ya nemo injin a wani kamfani na ƙetare, suka aiko da takardar ciniki da Faransanci, shafi huɗu. Banki suka ce sai da Turanci za su tura kuɗi. To ga ni surukinsa, tsohon tafinta, shekara talatin da ɗaya a ofishin jiragen ruwa, me zai kai shi biyan wani? Ya kawo mini, na sa tabarau, na fassara tsakanin azahar da la'asar, har ina yi masa fankamar ba a haife ni jiya ba.

Ga inda gizo ya yi saƙa. Mu a Hausa kafin alƙalami ɗaya gare mu. Bature mai Turanci ya ce deposit, shi ma ya huta. Amma Bafaranshe, da yake ba ya son zaman lafiya, biyu gare shi. In ka ba da arrhes, kana iya fasa ciniki, abin da ka bayar ya tafi, a rabu. In kuwa acompte ka bayar, ka ci ladan kuturu, dole ka yi masa aski, sai ka cika kuɗin kaya duka. A shafi na ɗaya sun rubuta arrhes. A shafi na uku, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sun rubuta acompte. Ni kuwa na mai da su duka deposit. Tela ya tambaye ni ko zai iya janyewa in abu ya ƙi, na ga yadda yake murza hularsa, na ce masa sosai ma. Ya biya kashi ɗaya cikin uku.

Makon jiya makarantar ta canja shugaba, sabon ya ba wani aikin. Tela ya rubuta wa kamfanin ya fasa, suka amsa da cewa shafi na uku ya ɗaure shi, ya cika saura kafin ranar Alhamis ta sama ko su miƙa wa lauyansu. Sauran nan ko ya sayar da kekunansa uku da teburin yanka ba zai kai ba. Na je shagon na ga kusurwar da ya share wa injin, ya sa sabon soket, ya yi dakali na siminti, yanzu kwandon ƙyallaye ne zaune a kai.

Kwana uku ina jin sa yana zagin kamfani, ina gyaɗa kai. Jiya dai na ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na buɗe masa shafukan biyu na nuna masa da yatsa, na ce kuskuren nawa ne. Da ya ɗaga murya da na ji sauƙi. Sai ya durƙusa kamar kullum, ya ce Baba ba komai, haka Allah Ya so, ya raka ni har bakin titi. Auta kuwa tun jiyan ta kawo mini abinci sau biyu ba ta zauna ba.

Ga hoton shafukan huɗu na haɗa miki. Ke kullum cikin irin waɗannan takardu kike. Ki duba mini, in kalmomin biyu suka haɗu a takarda ɗaya, wace ce ke rinjaye? Ki tambayi lauyan bankinku in da hali, amsar ta iso kafin Talata. In acompte ce ta ci, na riga na yi magana da dillali a kan filina na bayan tasha. Innarki ba ta sani ba tukuna, kada ta ji a bakinki.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san ki da tausayin kawunki, to ki ajiye shi gefe. Ni na dubi fuskar mai tambaya na fassara masa abin da yake son ji. Ke takardar za ki duba.

Ki gaida maigidan naki, da Babban Yaya in kun haɗu, da 'yan biyu, da takwarana mai ƙin wanka. Innarki da Auta suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki,
Tsohon Tafinta