Keken Ɗinkin Solvei

Duluth, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga autata Marit,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Bayan haka, ƙara na kawo miki. Birekar nan mai tsadar tsiya, wato na'urar yanke wutar lantarki da kika sa wa layin ɗakin kwanana, ta ishe ni. Ba gaira ba dalili sai ta ɗauke wuta, sai na sauka matakala goma sha uku zuwa ɗakin ƙasa in tayar da ita. Ranar Lahadi yayanki Leland ya tarar da ni a tsakiyar matakalar ina haki, yanzu ba shi da zance sai na gidan tsofaffi. Maƙwabcina Arvid ya ce a cire ta a sa irin ta da, wadda ba ta da tsegumi. Ke ce mai aikin wuta, ki ba ni izini. Ba na son barin gidan nan.

Babanki, Orval

Fargo, 10 ga Nuwamba

Babana,

Na gaishe ka da sanyi. Ka gaya wa Arvid ya tsaya a kamun kifinsa. Irin ta da sai wayar wuta ta yi zafi take farkawa, wannan kuwa tartsatsi take ji tun bai zama gobara ba. Kada ka taɓa ta! Ka zare duk abin da ke jone, ka mayar ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanne ke kayar da ita. In ba ko ɗaya, to waya ce ta lalace a cikin bango, kuma ba zan bari ka kwana kusa da ita ba, ko da zan bi bayan Leland. Amma Baba, fitila da rediyo ba sa tartsatsi. Me kake jonawa?

'Yarka mai ƙaunarka, Marit

Duluth, 15 ga Nuwamba

Marit,

Na amsa laifina. Halin uwarki kika ɗauko sak, ba a ɓoye muku komai. To, keken ɗinkinta ne, mai amfani da wuta. Kafin Solvei ta rasu ta fara haɗa wa jikanta bargo da ƙyallayen tsofaffin rigunanmu, saura guda shida ta kwanta. Na so in gama kafin ki haihu, in kai miki ba zato. Ina taka keken sai wuta ta ɗauke. Kunya ta hana ni faɗa: shekara arba'in ina lodin jirgin ruwa, yau ga ni da allura, ɗinkin ma a karkace kamar tafiyar ƙaguwa. Amma in keken na ƙara, sai in ji kamar tana ɗakin. Ina kewarta ƙwarai. Kada ki gaya wa Arvid.

Babanki

Fargo, 18 ga Nuwamba

Baba,

Ka sa ni kuka a bakin aiki. Bangonka lafiya lau. Burushin injin keken ne ya cinye, wato ɗan gawayin da ke kai wa injin wuta, shi ke tartsatsin. Zan zo ranar Asabar da sabo, aikin rabin awa ne. Na gaya wa Leland: bireka na nan, kai ma kana nan.

Kada ka warware karkatattun. Ina so yaron ya san inda kakarsa ta tsaya, da inda ka ɗora.

Sai na zo, Marit